Mai Gadin Barcin Umaru

Da kakar bana shekara tara ke nan da rasuwar Umaru, ɗan goggota, injiniyan gyaran jiragen sama. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni da alƙalami gaisuwar nesa muke yi. Aji uku na yi a firamaren Kebbe malaminmu ya kai ni gida da kansa, ya ce wa mahaifina in aka bar ni, sauran yaran ma za su manta ɗan abin da suka iya. Kuma ban yi masa kuka ba. Na jira kukan ranar jana'iza bai zo ba, na jira shi ranar arba'in, daga baya na daina jira. Abin da ya zaunar da ni yau wani abu ne da ɗansa Aminu ya yi a ƙauyenmu Fakku watannin baya, wanda har yanzu ana tauna shi a bakin masallaci. Ba kuwa za a gane shi ba sai an san uban.

Ni ɗan namiji ne, Umaru ɗan mace, wato taubasai muke, masu wasa da juna. Kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, har ya mutu ba mu raba wannan gardama ba. Shi yana ce mini Garba Gidan Rediyo, don tun ina yaro in na ba da labari sai an nemi shaida. Ni kuma Bakanike nake ce masa, ko a gaban baƙi. Wata rana na ce masa bambancinsa da mai gyaran babur na bakin tashar Tambuwal ɗaya ne: mai babur in an ɓata masa aiki yakan dawo ya yi zagi, shi kuwa nasa ba mai dawowa. Na zaci zai rama. Sai ya ce, "Shi ya sa nika barci, Garba." Bai yi dariya ba, ni kaɗai na yi.

A Kano yake aiki. Jirage da rana suke yawo, saboda haka gyaransu sai sun dawo masauki, mutane na kwance, shi kuwa yana ƙarƙashin fiffike. Ban san komai game da injin jirgi ba, kuma bai ɓata bakinsa wajen koya mini ba. Amma maganar gajiya ya yi mini ita har na haddace. Ya ce gajiya ba ta yin sallama. Mutum yana tsaye, ido buɗe, hannu na aiki, amma idon ya daina ganin abin da ke gabansa, sai abin da ya saba gani. Ya ce wanda ya gaji shi ne na ƙarshen sanin ya gaji, kamar mashayi da ke rantsuwa yana tafiya daidai. Ya taɓa samun kansa tsaye da sifana a hannu, bai san ko ya ɗaure notin da ke gabansa ko niyyar ɗaurewa kawai ya yi ba. Ya kwance wurin gaba ɗaya ya sake, jirgin ya makara, ogansa ya yi ta faɗa. Shi ya sa a aikinsu wanda ya ɗaura ba shi ke dubawa ba, sai wani ya zo da sabon ido, kuma ba a tashi sai kowane ƙarfen aiki ya koma gurbinsa, kada a bar ɗaya cikin inji. In ya ga ƙaramin ma'aikaci yana hamma yana ɓoyewa, sai ya karɓi abin da ke hannunsa ya nuna masa kwali a lungu ya ce ya miƙe. Yakan ce matuƙa suna da doka mai ƙarfi kan awannin da za su yi a sama, su kuwa masu gyara tasu dokar tana nan a rubuce, amma jirgi na jiran safiya, oga na jiran jirgi.

Idan an ba shi hutu, a lissafin wurin aikinsu barci aka ba shi. A lissafinmu na Fakku kuwa, mu aka ba Umaru. Tun an sallame asuba zaure ya cika. Goggo ta tara masa gaisuwar watanni: gidan da aka yi rashi, gidan da aka haihu, tsohon da ƙafa ta kama, surukan yayarsa a can bayan fadama. Ba wanda ke nufinsa da sharri. Mutum ya bar gonarsa ya tako da ƙafa don ya ga ɗan garinsu da ke taɓa jirgin sama, me za ka ce masa? Sau ɗaya Umaru ya gwada. Ya kwanta da hantsi, wasu dattawa suka zo, aka ce musu barci yake. Suka juya. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa ɗan Goggo ya zama Bature, ana zuwa gaishe shi yana minshari. Goggo ta kasa zuwa gidan suna a makon nan don kunya. A wurinmu ka ce wa babba ba ka nan ya fi sauƙi da ka ce masa kana barci.

Nan ne sana'ata ta yi rana. Ina da rumfar ajiye albasa a bayan gidana na Tambuwal, mai rufin ciyawa, iska na ratsa ta ta ko'ina, ba mai shiga sai ni da ɓeraye. Muka shirya da shi: in ya ce wa gida ranar Juma'a zai iso, to Alhamis yana rumfata. In ya ce an kira shi aiki ranar Litinin, to sai Talata zai kama hanya. Yini guda a shiga, yini guda a fita, muka riƙa sata daga hannun dangi. Motar mukan tura ta lungu mu lulluɓe da zana. Shi ya kwanta a kan buhuna, ni in zauna a ƙofar gida da ɗan rediyona ina gadi, kamar wanda aka ba ajiyar zinariya.

Matsalar ita ce mutanen Fakku ba su rabuwa da Tambuwal, kuma duk wanda ya zo kasuwa sai ya biyo ya sha ruwa a gidana. Na kashe motar Umaru a Gusau ya fi a ƙirga. Na sa gada ta karye masa, na sa sojoji sun tsare hanya, na taɓa sa shi rakiyar wani babban mutum zuwa Makka ya dawo cikin yini biyu. Ranar da na fi shan wuya ita ce da Baffa Sahabi, ƙanen kakanmu, mutum mai ido kamar na shaho, ya hango taya ta leƙo daga ƙarƙashin zana.

"Garba, wagga taya ta wa ce?"

"Ta amalanke ce, Baffa."

"Amalanke mai lambar Kano?"

Na ce ai shanun ma daga can na sayo su. Ya dube ni, ya dubi zanar, ya ce Allah ya shirye ni, ya sha ruwansa ya tafi. Washegari Umaru ya isa Fakku fes, yana ƙamshin albasa tun daga hula har takalmi, Goggo tana ta mamakin irin turaren da ake yayi a birni. Shekaru muka yi a haka. Shi ne kaɗai aikin kirki da na san ƙaryata ta yi, kuma ba ni da tabbacin za a rubuta mini shi a wancan ɓangaren.

Da Goggo ta rasu, daga wurin aiki Umaru ya taso, bai ko koma masauki ba. Ya tuƙo kansa tun daga Kano ya iske an gama rufe ta. Ya zauna a tabarmar makoki, wurin da 'ya'yan mamaci ke zama. Wanda ya san zaman makokinmu ya san babu ƙaryar da ke ɗaga mutum daga wannan tabarma. Kowa shi yake nema, kowa sai ya kama hannunsa, a yi addu'a a shafa, wasu na tashi wasu na zama, daga fitowar rana har a kwashe tabarmi. In ya shiga cikin gida mata na jiransa da nasu. Na ga idonsa ranar ta biyu, na matsa na ce masa a kunne bari in ce gudawa ta kama shi. Ya ce, "Uwata ce, Garba. Wa za ya zauna?" Na koma wajen jera butoci.

Kwanakin da aka ba shi sun ƙare daidai da sadakar uku. Ana shafa fatiha ya shiga mota, don washegari akwai jirgin da ke jiran sa hannunsa. Ni ina Fakku ina mayar da tabarmin aro. Maƙwabcina ya ce ya ga motar ta rage gudu a daidai kwanar gidana a Tambuwal, kamar za ta shigo, sai kuma ta miƙe. Bayan Dogon Daji kaɗan, da azahar, hanya miƙaƙƙiya, ba mota a gaba ba mota a baya, ta sauka daga kwalta ta sami bishiya. Waɗanda suka fara isa sun ce babu alamar birki ko ta taku ɗaya.

Na daɗe ina neman wanda zan ji haushinsa ban samu ba. Masu ta'aziyya sun yi abin da addini da zumunci suka ce. Umaru ya yi abin da ɗa ke yi. Wurin aikinsa sun ba shi kwanakin da suke ba kowa. Kowa ya yi daidai, aka ɗauko shi a bayan akori-kura. Ina jin shi ya sa kukan bai sami ta inda zai fito ba. A makokinsa ma ba ni aka yi wa gaisuwa ba. Taubashi ba ya cikin masu zaman tabarma, aikinsa ya nuna wa baƙi wurin alwala, in ya samu sarari ya saki wata magana a ɗan murmusa. Na saki da yawa. An ce na kyauta.

Wani lokaci ina tambayar kaina abin da Umaru zai ce da ya leƙo yau. Dabararmu dai ta mutu, don waya ta kashe ƙarya irin tawa. Yanzu mutum na Kano ana ganin fuskarsa a Fakku, ana tambayarsa bangon wane gida ne wannan a bayansa. Kuma waya ba ta san hantsi ba, ba ta san mutum ya kwana a tsaye ba. Sannan mu da muke yi masa dariyar barci, yanzu mun ɗanɗana. Tun da zaman ƙauyukanmu ya lalace, magidanta na kwana da kunne ɗaya a waje, da safe ka ga mutum na gyangyaɗi a kan babur da buhu biyu a baya. Mun san gajiya yanzu, amma ba mu canza mata suna ba. Wanda ya ce ya gaji har gobe raggo ne.

Aminu, babban ɗan Umaru, yana sakandare uban ya rasu. Yayan Umaru da suke uba ɗaya, Alhaji Mode, shi ya riƙe shi, ya sayar da shanu ya tsaya masa har ya zama matuƙin jirgi, yana zama a kujerar dama kusa da babban matuƙi. Ya gaya mini yanzu a wayarsu ake lissafa musu awannin aiki da na hutu, kuma mutum na da ikon ya ce ya gaji ba zai tashi ba, ba a kore shi. Na ce to madalla. Ya ce, "A rubuce haka ne, Baba. Amma wanda ya cika faɗa, ana sanin sunansa." Na ji kamar uban ne ke magana, har da yadda yake sosa gira.

Watannin baya Alhaji Mode ya rasu. 'Ya'yansa maza ƙanana ne, saboda haka Aminu ne a tsakiyar tabarma, a zauren nan dai da ubansa ya zauna. Shi ma daga aiki ya taso. Shi ma kwanakinsa za su ƙare da sadakar uku, washegarinta da sassafe yana da mutane cike da jirgi. Ranar ta biyu bayan azahar na ga yana amsa gaisuwa yana kiran mutum da sunan wanda ya riga ya tashi. Na duba cikin jakar ƙaryata, na zaɓo zazzaɓi, na fara matsawa kusa da shi. Ban kai ba ya gyara zama, ya fuskanci Baffa Sahabi, wanda yanzu shi ne babban gidan gaba ɗaya, ya tsufa har sai an kama shi yake miƙewa, amma idon na nan.

"Baffa, ina neman izini. Zan shiga in kwanta."

"Jikin ne?"

"Lafiyata lau. Barci nika ji. Jibi ina da tashi, in ban yi barci yau da gobe ba, ban da hakkin in ɗauki kowa."

Da ya ce ciwon kai, da kowa ya ce Allah ya sawwaƙe. Baffa Sahabi ya ce, "Mutumin da ya sai da shanunai don kai, shi za ka bari a tabarma ka tai barci?" Aminu ya sunkuyar da kai ya ce, "Don jirgin ya sai da su, Baffa." Ya jira izinin, izinin bai zo ba. Ya miƙe ya ɗauki takalmansa a hannu ya shiga cikin gida. Wani daga baya ya ce irin uban ne. Wani ya ce uban ma bai kai haka ba, kuma wannan gaskiya ne.

Tsakiyar tabarma ta zauna babu kowa, ga wasu mutane sun yi sallama a ƙofa. Ban yi shawara da kowa ba, na ja jiki na zauna a wurin. Baffa Sahabi ya ce, "Yau kuma Gidan Rediyo ne mai makoki?" Na ce wakili ne, Baffa, ba a biya na. Ba wanda ya yi dariya. Baƙin suka durƙusa, na farko ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce da godiya. Na biyu ya ce, "Ashe ɗan'uwa ya tafi." Na ce ya tafi. Haka suka yi ta zuwa har rana ta karkata, kowa na ba ni haƙurin ɗan'uwana, ina amsawa. Su dai Mode suke nufi. Ni ban san wanda nake amsa wa ba. Ban yi kuka ba nan ma, hannuna dai ya yi sanyi, na sa shi cikin aljihu tsakanin baƙo da baƙo.

Gab da la'asar manyan baƙi suka iso daga Kebbe, motoci biyu, har da wakilin hakimi. Suka zauna, shugabansu ya waiga ya ce ina matuƙin, don shi suka fi son gani. Baffa Sahabi bai dube ni ba ya ce, "Garba, tashi ka taso shi." Ina da zazzaɓin nan a baki, ban yi amfani da shi ba tukuna. Ina da wata ma da ta fi shi, cewa ya tafi maƙabarta. Sai na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, barci yake. Jibi zai tuƙa jirgi, ya kwana biyu bai runtsa ba. Ubansa a hanyar Dogon Daji ya tsaya." Ban taɓa faɗa wa babban mutum gaskiya tsirara haka ba, kuma ba ta da daɗi a baki, ban ga abin da masu yin ta kullum suke ji ba.

Wakilin hakimi ya dubi Baffa Sahabi. Duk zauren shi ake kallo, don in ya sake cewa a taso shi, ba ni da ta cewa, wani zai shiga. Tsohon ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ɗaga hannu ya ce a yi addu'a. Ya ja ta da kansa, murya ƙasa ƙasa, har na bayan zaure ba su ji inda za su ce amin ba. Ko tsufa ne, ko don ɗakin da yaron ke kwance yana jikin zauren ne, ban tambaye shi ba, shi ma ba zai faɗa ba.

Aminu bai farka ba sai da aka kira magariba. Washegari ya zauna aka yi sadakar uku, ya sake shiga ya kwanta, sannan ya ɗauki direban haya ya zauna a kujerar baya. Kafin ya shiga motar ya durƙusa gaban Baffa Sahabi ya yi sallama. Tsohon ya ce, "Sauka lafiya," yana kallon wani wuri. Har yau in Aminu ya bugo waya, Baffa yakan ce a ce masa yana alwala. Matan gidan Mode wasu sun daina ambaton sunansa. Ban ce za su huce ba, na san mutanenmu, muna iya riƙe abu har jikoki.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Umaru, ba gida ba ne, don bai gama ginin ba. Jiragen da ya gyara ba su san sunansa ba, mutanen da suka hau suka sauka lafiya ba su taɓa jin labarinsa ba, kuma ya ce mini haka ake so, ranar da aka san sunan mai gyara to an yi asara. Abin da ya rage magana ce guda, wadda ya san gaskiyarta fiye da kowa, ya koya wa na ƙasa da shi a wurin aiki, ya koya wa jahili irina, amma ya kasa faɗinta a zauren gidansu. Ɗansa ya faɗe ta, a gaban dattawa, da rana tsaka, ya biya da sunansa a garinsu. Ban san ko Umaru zai yi alfahari da shi ko kunya za ta kama shi ba. Ina jin duka biyun, don shi ma ɗan Fakku ne.

Allah ya jiƙan Umaru da Goggo da Mode, ya yafe musu, mu kuma ya sa mu iske su da sauƙin hisabi, musamman ni. Ranar da Aminu ya koma aiki, wajen hantsi wayata ta yi ƙara ina tsakar kasuwa. Ya ce, "Baba, mun sauka." Na ce da mutum nawa. Ya ce duka.